Gudan jini a ƙafar maigida, Hajiya ta ce laifin allura ne

Assalamu alaikum Yaya. Daga nan Maradi nake rubuto miki, ina roƙon a sakaya sunana. Maigidana ɗan kasuwa ne mai yawan hawa mota zuwa Yamai, shekararsa 41. Tun yana da shekara 24 yake fama da ciwon sukari, allurar insulin ake yi masa safe da dare, kuma tun da aka kawo ni gidan ni ce mai yi masa. A tafiyarsa ta ƙarshe, cikin tsakiyar bazara, yana ramuwar azumi, ya dawo ƙafar hagu ta kumbura tana zugi. Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Aka yi hoto aka ce gudan jini ne ya toshe jijiya, aka ɗora shi kan maganin tsinka jini na wata uku, aka kuma ce fitsarinsa ya nuna ƙoda ta fara taɓuwa. Tun ranar gidan ba daɗi. Hajiya mahaifiyarsa ta ce allurar da nake ɗirka masa shekara da shekaru ce ta taru ta daskarar da jinin, har ta nuna mini ƙulalai a cinyarsa. Ta yi wa wanzami magana zai zo ya yi masa ƙaho a fitar da mataccen jini. Wani abokinsa na fada ya kawo masa asfirin ya ce ya riƙa sha kullum. Shi kuwa ya daina yarda da allurar dare, ya rage magana, sai ya ce ai mahaifinsa ma shanyewar ɓarin jiki ce ajalinsa. Kuɗin magani ya taɓa jari. Ban isa in yi musu da Hajiya ba, kuma ina tsoron wata rana a ce ni na kashe shi. Da gaske allurar ce ta jawo? Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya saka miki da alheri. Tambayarki kan allura ce ke hana ki barci, don haka da ita zan fara: ba allurar da kike yi masa ce ta daskarar da jininsa ba. Insulin ba ya taruwa a jiki, yana gama aikinsa cikin awoyi jiki ya narkar da shi, shi ya sa ma ake maimaita allurar kullum. Mutumin da ciwon ya kama yana saurayi har aka ɗora shi kan allura, galibi jikinsa ya daina yin insulin ne gaba ɗaya ko ya kusa dainawa. Kafin a gano wannan magani a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, masu irin ciwon nan ba sa daɗewa a duniya. Shekara 17 da maigidanki ya yi yana kasuwanci yana ciyar da iyali, bayan ikon Allah, da hannunki a ciki.

Abu biyu ba za su jira a gama sasanta gida ba. Na farko allurar dare. Barin ta na iya kai mutum ƙasa cikin sauri: sukari ya hau, jiki ya riƙa zubar da ruwa ta fitsari, jini ya yi tsami, sai amai da ciwon ciki da numfashi mai zurfi, daga nan sai suma. Kuma wannan hali shi kansa yana ƙara wa jini kauri, wato abin da ake gudu shi ake kira. Idan kin ga waɗannan alamu, ko da tsakar dare ne, asibiti. Na biyu ƙaho da asfirin. Duka biyu a dakatar da su yau ɗin nan.

Bari in yi miki bayanin yadda abin yake, don ki samu abin faɗa idan an tambaye ki. Allah Ya sa wa jini dabarar toshe kansa idan an ji rauni. Akwai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi a cikinsa da ke rugawa bakin rauni su manne da juna, sannan wani sinadari da hanta ke yi ya rikiɗe ya zama zare, ya saƙa raga a kansu kamar ragar masuntan Madarunfa, ta kama ƙwayoyin jini, wurin ya toshe. Da wannan kaɗai ne, da jinin mutum ya daskare tun yana jariri. Sai aka haɗa shi da masu tsawatarwa. Bangon cikin jijiya sumul yake kamar cikin sabuwar tasa, yana fitar da abubuwan da ke hana ƙwayoyin nan mannewa inda babu rauni, yana kuma kunna wani sinadari da likitoci ke kira furotin C, wanda aikinsa ja wa daskarewa linzami. Akwai kuma masu zuwa daga baya su warware ragar idan rauni ya warke.

Sukari idan ya daɗe a sama, ko'ina yana taɓawa a wannan tsari. Yana kankare sumul ɗin bangon jijiya, ya sa ƙwayoyin toshiya saurin mannewa, ya ƙara yawan sinadarin zare, ragar ta fito da matsattsiyar saƙa mai wuyar warwarewa, masu warwarewar kuma a riƙe musu hannu. Wannan lalacewar bango ita ce dai ke bayyana a ƙoda, a ido, a jijiyoyin ƙafa, a zuciya da ƙwaƙwalwa. A 2007 masu bincike a Jamus sun nuna, a jikin ɓeraye masu ciwon sukari, cewa raguwar aikin furotin C na da hannu a lalacewar ƙoda. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa maganar ƙafa da maganar fitsari ba baƙin juna ba ne. Amma gaskiya ita ce, a gudan jinin da ya same shi, sukari ɗan rakiya ne. Manyan masu laifi su ne zaman mota da ƙishirwa. Daga Yamai zuwa Maradi kusan kilomita 660 ne, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, mutum na naɗe a kujera wuni guda, rana ta haura digiri 40, ga azumi a baki. Jinin ƙafa takawa ce ke turo shi sama. Ko mai cikakkiyar lafiya zai iya gamuwa da wannan.

Ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan maganar allura. Daga 1983 zuwa 1993 an bi mutum 1,441 masu irin ciwon maigidanki a Amurka da Kanada. An raba su biyu: wasu na allura sau ɗaya ko biyu a rana, wasu ana tsananta kula da su, allura sau uku ko fiye da yawan awo. Waɗanda aka tsananta wa, kamuwa da ciwon ido ta ragu musu da kashi 76 cikin 100, lalacewar jijiyoyin da ke sa a ji taɓi da zafi da kashi 60, zubar furotin mai yawa a fitsari, wadda alama ce ta taɓuwar ƙoda, da kashi 54. Da aka ci gaba da bin su, a 2005 aka ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu sun ragu da kashi 57. Kin ga ke nan waɗanda suka fi shan allura su suka fi tsira daga abin da maigidanki ke tsoro. Sai dai sun fi sauran fama da faɗuwar sukari, kuma ita ma faɗuwar mai tsanani tana tunzura jini. Don haka ba cewa nake ki ƙara masa allura da kanki ba. Likita ne zai gyara adadi.

Yanzu Hajiya. Ki yi mata uzuri, ƙanwata, ko da maganarta ta yi miki ciwo, kuma na san ta yi. Mace ce da ta yi jinyar miji har ta rasa shi, yanzu ga ɗa ya kwanta. Mai tsoro yana neman abin da ido zai gani ya ɗora wa laifi, sukari ba a ganin sa, allura kuwa ga ta a hannunki safe da dare. Kuma ƙulalan da ta nuna miki ba ƙarya ta yi ba, suna nan. Sai dai ba jini ba ne, kitse ne da ke taruwa a ƙarƙashin fata idan ana yawan soka allura a wuri ɗaya. Illarsu ita ce maganin da aka zuba a cikinsu ba ya shiga jiki daidai, yau ya yi aiki gobe ya ƙi. Ki bar wuraren nan su huta, ki riƙa zagayawa tsakanin ciki da cinya, kowace allura ta yi nisan faɗin yatsa da ta jiya, ki kuma rage maimaita tsinke ɗaya. Ki gaya wa likita kafin ki canza wuri, domin a lafiyayyar fata maganin ya fi kamawa, wataƙila sai an rage adadi. Wannan ma wata ƙofa ce ta shiga wurin Hajiya: ki ce mata ƙulalan da ta lura da su an duba, kuma an gode da ta nuna.

Maganar ƙaho kuwa, ba raina sana'ar wanzamai nake ba. Gudan nan yana can cikin babbar jijiya a tsakanin tsoka, ƙaho kuwa daga fata yake zuƙo jini, ba zai kai gare shi ba ko an yi tsaga ɗari. Baƙin gudan da ake juyewa daga ƙaho jini ne da ya daskare bayan ya fito, na kowa haka yake yi. Abin da tsaga za ta jawo shi ne jinin da ba ya tsayawa, tunda yana shan maganin tsinka jini, da kuma rauni a ƙafar mai ciwon sukari, wanda kan ƙi warkewa har ya ruɓe. Na taɓa ganin haka a danginmu, daga 'yar tsaga a ƙafa aka ƙare da yanke ta, kuma har yau abin bai bar raina ba. Haka nan kada a matsa ƙafar, kada a yi mata tausa ko gashi da ruwan zafi. Ana gudun gudan ya ɓalle ya bi jini zuwa huhu.

Ba ke za ki tsaya gaban Hajiya ki ce a'a ba, kuma ban ce ki yi ba. Ki nemi wanda take jin nauyinsa, wan maigida ko kawunsa, ki yi masa bayani a keɓe, shi ya ce a ɗaga zuwan wanzami sai an ji daga likita. Shi wanzamin ma a gaya masa a fili cewa mutumin yana kan maganin hana jini daskarewa. Wanda ya san aikinsa da kansa zai mayar da aska kube. Sannan ranar komawa asibiti a tafi da Hajiya, a roƙi likita ya nuna mata hoton, ya yi mata bayani da Hausa. Abin da ta ji daga bakin likita a gaban ɗanta ba zai zama maganar suruka ba. A kuma ba ta nata aikin, domin uwa ba ta iya zama hannu rabbana ɗanta na kwance. Addu'a da tofi nata ne, babu abin da suka ci karo da shi. Jiƙe-jiƙen saiwa da sassaƙe ne za a roƙe ta ta dakatar, saboda wasunsu na ƙara wa maganin tsinka jini ƙarfi ko su rage, ga kuma ƙoda da ake lallaɓawa. Idan gida ɗaya kuke, kula da tulun da ake ajiye insulin ma za ta iya. Wanda ba a buɗe ba yana son firiji, tsakanin digiri 2 da 8, ba wajen ƙanƙara ba. Wanda ake amfani da shi yana kai kimanin mako huɗu in an kare shi daga rana, kuma idan wuta ta ɗauke, a sa shi cikin gwangwani mai murfi a ɗora kan jiƙaƙƙen yashi a cikin tukunyar ƙasa a inuwa.

Abokin fada da alheri ya zo, a yi masa godiya a ajiye ƙwayoyinsa. Asfirin na rage mannewar ƙwayoyin toshiya, kuma likitoci na ba wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ga wanda bai taɓa ba, ribar da hasarar kusan kunnen doki suke. A wani bincike na Birtaniya da aka fitar a 2018, kan masu ciwon sukari 15,480, asfirin ya rage manyan matsalolin jijiya daga kashi 9.6 zuwa 8.5 cikin 100, amma ya ɗaga zubar jini mai tsanani daga 3.2 zuwa 4.1. Wannan fa ga waɗanda ba sa shan wani maganin tsinka jini ne. Haɗa biyun ba da umarnin likita ba kasada ce babba. Haka magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da masu tallar magani ke yawo da su a kasuwa da tasha: suna sa ciki zubar da jini, suna kuma cin ƙoda. Idan ciwo ya dame shi, farasitamol, gwargwadon yadda aka rubuta.

Ba ki faɗa mini sunan maganin da aka ba shi ba. Idan irin su Sintrom ne, yana bukatar awon jini da ake kira INR a kai a kai, yawanci ana son sakamakon ya tsaya tsakanin 2 da 3, kuma koren ganye yana rage masa ƙarfi. Ba a ce ya bar zogale da rama da miyar kuka ba, a dai riƙe ma'auni ɗaya, kada wannan mako a ci kwano guda kullum mako mai zuwa babu ko kaɗan. Idan irin su Xarelto ne, ba ya bukatar wannan awo, amma ya fi tsada, kuma sai an san ƙarfin ƙoda. Nan ne maganar kuɗi ta shigo. Kada kunya ta hana ku ce wa likita aljihu ya gaza, domin yana iya sauya magani zuwa wanda za ku iya kaiwa ƙarshe da shi. Abin da ba a so shi ne a daina a wata na biyu don kumburi ya saɓe. 'Yan'uwan da ke da ra'ayi kan jinya, wan maigida ya tara su a raba nauyin wata ukun nan. Kuma ki riƙe alamun da ba a kwana da su: baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, buguwar kai ko da a faɗuwar kabu-kabu ce, numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ciwon ƙirji, tarin jini, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe. Kowace daga ciki, a nufi babban asibiti nan take, a tafi da takardun magani.

Batun ƙoda kada ya firgita ki fiye da kima. Ganin furotin a fitsari sau ɗaya, musamman lokacin rashin lafiya ko hawan sukari, ba hukunci ba ne, akan maimaita awon cikin wata uku zuwa shida. Idan ya tabbata, an kama shi a lokacin da ake iya rage masa gudu, da gyaran sukari da magungunan hawan jini masu kare ƙoda. Ku tambayi likita awon HbA1c, wanda ke nuna yadda sukari ya kasance a wata uku, ga yawancin manya ana son ya kusanci kashi 7. Ku tambayi awon hawan jini da na kitsen jini, da ko lokacin fara maganin rage kitse ya yi tunda ya haura 40, da duban ƙwayar ido sau ɗaya a shekara. Ƙafa kuwa ke za ki riƙa duba masa kowane dare, har tsakanin yatsu.

Na bar maigida a ƙarshe don shi ne mai wuyar. Shirun nan nasa ba taurin kai ba ne. Mutum ne da ya ga yadda mahaifinsa ya ƙare, ya ga jarinsa na narkewa, ga uwa ta ce kaza mata ta ce kaza, sai ya zaɓi rabi da rabi, allurar safe don ke, barin ta dare don Hajiya. Kada ki tare shi da lissafi ko da kuka a gaban mutane. Ki samu lokacin da kuke ku biyu, ki ce masa kin san abin da yake tsoro, kuma ke ma shi kike tsoro. Ki gaya masa abin da ya gada daga mahaifinsa ba ya hannunsa, amma sukari da hawan jini da taba, idan yana sha, da shayin fada mai sukari zagaye uku, waɗannan suna hannunsa. Ki roƙe shi abu ɗaya tak a daren, allurar. Idan shirun ya wuce mako biyu, ba ci ba barci, ko ya fara maganar gara ya huta, wannan ma ciwo ne, a gaya wa likita. Ina kuma ganin lokaci ya yi da zai koyi yi wa kansa allura da awo. Ba don ki janye ba, sai don jinyar ta zama tasa, yatsan da ake nuna miki ya sauka, kuma a kan hanya ba kya tare da shi.

Sauran ramuwar azumi ya dakata har likita ya duba, kuma ya zauna da malamin da ya yarda da shi. Rangwamen mara lafiya da matafiyi yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, malamai kuma sun yi bayanin ciyarwa ga mai ciwon da ba a sa ran rabuwa da shi. Tafiya ma sai likita ya ba da izini. Idan ya koma hawa mota, ya sha ruwa sosai, ya riƙa motsa idon sawu yana zaune, ya sauko ya taka duk inda aka tsaya, insulin na jakar hannunsa ba cikin kayan da rana ke duka ba, da ƙwayar sukarin shayi uku a aljihu saboda rawar jiki da gumi, alamun faɗuwar sukari. Kafin nan, a gida, ba kwanciya ake so ya yi ba. Tunda an fara magani, takawa kaɗan-kaɗan a tsakar gida na taimakon ƙafar, in ya zauna ya ɗora ta kan matashi.

Ke kuma ki samu wadda za ki riƙa sauke wa nauyin zuciyarki, yayarki ko wata aminiya, ki karɓi taimako idan an miƙo. Ki sayi ɗan littafi ki riƙa rubuta awon sukari da lokacin kowace allura da kowace ƙwaya, ku tafi da shi asibiti ranar da za a je da Hajiya. Ki sake rubuto mini bayan kun dawo, ki faɗa mini sunan maganin da abin da aka ce game da ƙodar.